Yadda kalandar coci ta shigo tsakar gidanmu a Gusau

Abin da ya tada min hankali ya faru ne a azumin 2025. Maƙwabtanmu Musulmi sun ɗauki nasu ranar 1 ga Maris, mu kuma 'yan Katolika Larabar Toka, ranar farko ta azuminmu, ta faɗo ranar 5 ga wata, to duk unguwa ana azumi ke nan. Wata yamma 'yar autata ta dawo daga gidan Hajiya maƙwabciyarmu da ƙosai a leda, ta zauna tana lissafa min komai dalla-dalla, ƙarfe nawa ake sahur, yaushe ake shan ruwa, kwana nawa ya rage a yi sallah. Sai na ce to mu fa, namu azumin kwana nawa ne? Ta yi shiru, can ta ce "Mama mu ma muna da shi ne?" Yarinyar da ba ta fashin zuwa coci fa, ranar Laraba da hannuna na kai ta aka shafa mata toka a goshi.

Ban ga laifinta ba sam. Yaran Hajiya ba a allo kaɗai suka koyi watan azumi ba, a kicin suka koya, da ƙamshin kunun tsamiya da tashin asuba da ɗinkin sallah, gidan ne gaba ɗaya yake canjawa. Mu kuwa Fada, wato limamin cocinmu, zai canja riga daga kore zuwa shunayya, a daina rera Halleluya har sai daren Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, amma da mun dawo gida tuwon jiya ne, hirar jiya ce, ba abin da ya motsa. Ga shi yanzu saboda yanayin tsaro ba ma yawan fita addu'ar yamma kamar da, in gida bai ɗauki abin ba to ina yaro zai gan shi? Daren nan na ce wa maigida Baban yara, gaskiya da sake.

Da abin da ke hannu muka fara. Na samo gwangwanin madara na huda murfin ya zama asusu, duk wanda ya haƙura da alewa ko lemon kwalba sai ya jefa kuɗin ciki. Ranar Juma'a babu nama, miyar kuka ce da daddawa da ɗan busasshen kifi in an samu, kuma na daina yin abin shiru, ina faɗa musu dalili, ranar ce Yesu ya mutu a kan gicciye. Dokar coci ma ba ta matsa wa yara ba, ƙin cin nama daga shekara 14 yake farawa, azumin Larabar Toka da na Juma'a Mai Kyau, wato Juma'ar kafin Ista, kuma daga 18 har mutum ya shiga 60, to ban tilasta wa kowa yunwa ba a wannan zafin na bazara da ko babba sai ya yi da gaske. Babban ɗana shi ya ƙirga a kalanda ya ce ai kwana 46 ne daga Laraba zuwa Ista ba 40 ba, na ce cire ranakun Lahadi shida ka gani, Lahadi ba ranar azumi ba ce ko a cikin azumi. Ya ji daɗin wannan lissafin ƙwarai. A Mako Mai Tsarki, makon ƙarshe kafin Ista, muka fasa asusun muka sayi gero da sabulu, muka kai wa wata mata da rikici ya koro daga ƙauyensu da 'ya'yanta, yaran da kansu suka ɗauki kayan.

Ganyen dabinon da aka raba mana ranar Lahadin Dabino, Lahadin da ke buɗe Mako Mai Tsarki, ban bari ya yi yawo a tsakar gida ba, mun saƙa shi gicciye muka maƙala a saman ƙofar falo. Ya bushe ya yi ƙura, haka muka bar shi, domin irinsa ake tarawa a ƙona a samu tokar shekara mai zuwa. Da na gaya wa autar haka sai ta tsaya tana kallonsa, ta ce wato shi za a shafa mana? Na ce eh, tare da kalmar nan ta Farawa 3:19, kai turɓaya ne, ga turɓaya za ka koma.

Wani abu da ban lura da shi ba sai da na fara, kalandar nan tana tafiya da yanayin garinmu kamar don mu aka yi ta. Azumi a tsakiyar zafi, ƙasa ta bushe ƙamas. Ista kuma tana yawo tsakanin ƙarshen Maris da Afrilu saboda wata take bi, Lahadin farko bayan cikar wata daga 21 ga Maris, kwana hamsin na murnarta suna kai mu bakin damina, kafin ka ce me Fentikos, ranar da ke rufe kwana hamsin ɗin, ta wuce Fada ya koma koriyar riga, gonakin hanyar Ƙauran Namoda ma sun yi kore shar. Watan Mayu da Oktoba rosari ne, addu'ar carbinmu, bayan tuwon dare, ba ma yin duka, ƙwaya goma kawai muke ja, kowa da ranar da zai ja "A gaishe ki Maryamu". Ranar 2 ga Nuwamba, ranar da coci ke tunawa da matattu, na fito da hoton mahaifiyata da na kakansu muka yi musu addu'a da sunayensu.

Amma wanda ya fi shiga raina shi ne Adbent, makonni huɗun jiran Kirsimeti, wanda a gaskiya shi ne farkon shekarar coci. Da can a gidanmu Disamba na tela ne da shinkafa da kaji, jira ba ya ciki. A hotunan intanet za ka ga zoben ganyen wani itacen ƙasar Turawa da kyandir masu launi, uku shunayya ɗaya ruwan hoda na Lahadi ta uku. Ni darbejiya nake da ita a ƙofar gida, ita ce ba ta zubar da ganye ko hunturu ya kai ina, na yanko na kewaye faranti da ita, na sayi farin kyandir huɗu a shago na ɗaura musu zaren launi a gindi. Iskar hunturu ta kashe mana na farko sau uku, sai muka koma cikin ɗaki muka rufe taga. Kowace Lahadi da dare a ƙara kunna ɗaya, a karanta ɗan yanki daga annabi Ishaya, ɗakin yana ƙara haske mako bayan mako kuma yaran suna gani da idonsu, ba sai na yi dogon bayani ba.

Komin dabbobin da ake haɗawa don nuna inda aka haifi Yesu ma ba mu saya ba. Waliyyi Faransis na Assisi ne ya shahara da fara irinsa a garin Greccio na Italiya a 1223, da ciyawa da sa da jaki na gaske, to na ce mu namu laka. Yaran suka ƙera shanu masu tozo da tumaki da wani raƙumi da wuyansa ya karye sau biyu aka liƙe, muka yi rumfa da karan dawa a kan kwali. Na hana a sa jaririn sai daren 24 ga Disamba, masanan taurarin nan da suka zo gaishe da jariri Yesu kuwa a bakin ƙofar kicin muka ajiye su da raƙuminsu, kullum a matso da su taku ɗaya har farkon Janairu. Autar ce mai wannan aikin, da ta tashi da safe ko fuska ba ta wanke ba sai ta je ta matsar da su.

Ranar Kirsimeti ita na aika da shinkafa gidan Hajiya kamar yadda suke aiko mana da naman layya. Ta daɗe ba ta dawo ba har na leƙa ta katanga, sai na hango ta tsaye a tsakar gidan da kwanon a hannu, tana ƙirga wa ƙawarta kyandir huɗu da yatsu, tana ce mata saura kwana goma raƙumin ya iso.