Karari: Kwarin da Ya Ci Dawakin Turawa

Daga tsakiyar Umdurman zuwa filin Karari bai wuce kilomita 11 ba, a yi arewa ana bin gaɓar Nilu ta yamma. Na je ne kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023, na kuma fita tun bayan asuba, domin da hantsi ya ɗaga zafin wurin ba ya barin mutum ya tsaya duba ƙasa. Yankin na sojoji ne, saboda haka ba a ɗaga kyamara barkatai, kuma gidaje sun cinye wani ɓangare na filin. Abin da bai gushe ba shi ne Dutsen Surgam daga kudu, tsaunukan Karari daga arewa, da kuma busasshen kwarin da ake kira Kor Abu Sunt. Kwarin nan na zo gani.

A nan ne ranar 2 ga Satumba 1898 rundunar mahaya masu māshi ta 21 ta Birtaniya, mutum wajen 400, ta yi sukuwa a kan Ansar, wato mayaƙan Halifa Abdullahi, magajin Mahadi a mulkin Sudan. Na tsaya daga arewa, wajen da suka taso, na duba gabana. Fili ne shimfiɗaɗɗe, tsakuwa da yashi, babu alamar rami ko kaɗan. Sai da na matso sosai ƙasa ta buɗe, ga gangare, zurfinsa a wasu wuraren ya kai ƙirjin mutum. Wanda ke kan doki yana gudu ba zai gan shi ba sai ya zo bakinsa.

Usman Digna, tsohon gwanin kwanton ɓauna daga gabashin Sudan, ya san haka. Ya jera 'yan tsirarun masu bindiga a bakin kwarin inda za a gan su, sauran mutum fiye da 2,000 kuwa suna zaune a ciki da takubba da māsu. Umarnin da Janar Kitchener, shugaban sojojin Birtaniya da Masar, ya ba kwamandan mahayan, Kanar Rowland Martin, shi ne ya takura wa Ansar masu janyewa bayan gumurzun safiya, ya tare musu hanyar komawa Umdurman. Amma rundunar ba ta taɓa shiga yaƙi ba, sauran sojoji har zolayarsu suke yi a kan haka, ga shi shekara ɗaya kacal da aka ba su māsu. Da aka fara harbinsu Martin bai sake tura 'yan leƙe ba, ya sa aka busa ƙaho, layi ya juya, aka saki linzami. An ce shi kansa ko takobi bai zare ba.

Sauran aikin ƙasa ce ta yi shi. Doki ya faɗa gangare gudunsa ya mutu, māshin gora mai tsawon ƙafa tara kuwa ba shi da amfani idan babu gudu. Ansar ba su watse ba. Suka riƙa sarar agarar dawaki, suna yanke linzami da igiyar likkafa, wanda ya faɗo kuma a rufe shi da sara. Cikin kamar minti biyu aka kashe Turawa 21, aka raunata kusan 50, dawaki 119 suka salwanta. A duk yinin nan waɗanda aka kashe a rundunar Kitchener ba su kai 50 ba, ke nan kusan rabin gawawwakinta daga kwarin nan suka fito. Abin da ya kori Ansar daga wurin kuwa ba māshi ba ne. Bayan sun tsallake, mahayan sun zagaya gefe, suka sauka daga dawaki suka buɗe wuta da gajerun bindigoginsu. Da tun farko haka suka yi, da ba a zubar da jinin nan ba.

Akwai ginin tunawa da Turawa suka kafa wa matattunsu a kusa da kwarin. A gindinsa na zauna ina bin sunayen hafsoshin da ke cikin littafina, domin abin da ya same su daga baya ya fi sukuwar kanta ɗaukar hankali.

Hafsa ɗaya ne ya mutu a sukuwar, Laftanar Robert Grenfell, wanda aro aka yi shi daga wata runduna. Ƙannensa tagwaye, Francis da Riversdale, su ma mahaya ne, kuma duk Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye su, ɗaya a 1914 ɗaya a 1915. Laftanar Raymond de Montmorency ne ya koma cikin kwarin don ɗauko gawar Grenfell, aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Birtaniya. Bai daɗe yana saka ta ba, a Fabrairun 1900 aka harbe shi a yankin Stormberg na Afirka ta Kudu yana jagorantar tawagar 'yan leƙen asiri.

Kyaftin Paul Kenna shi ma ya sami lambar, don ya ɗauko Manjo Crole-Wyndham a bayan dokinsa bayan an kashe na Manjon, sannan ya koma ya taimaki Montmorency. Shi ne ya fi su nisa a aikin soja: ya yi yaƙin Afirka ta Kudu, ya je Somaliya a yaƙin da aka yi da Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan, ya shiga gasar hawan doki ta Olamfik a 1912, ya kai Birgediya Janar. A Agustan 1915 harsashi ya same shi a Galifoli ta Turkiyya. Wanda ya fi kowa matsawa a kai farmakin mashigin Dardanel, wanda ya haifi yaƙin Galifoli, shi ne ministan sojan ruwa na lokacin, Winston Churchill, wato matashin Laftanar ɗin da suka yi sukuwa tare a Karari.

Churchill yana da shekara 23 a lokacin, kuma da ƙyar ya kutsa cikin tafiyar don Kitchener ba ya son sa, ga shi yana aika wa jaridar Morning Post rahoto. Kafaɗarsa ta taɓa gocewa a Indiya, saboda haka ya mayar da takobi kube ya zaro ƙaramar bindiga ƙirar Mauser, kuma ita ta fitar da shi. Ya bar soja a 1899, ya shiga majalisa a 1900, ya zama Firayim Minista a 1940. Abokinsa Laftanar Richard Molyneux an sare masa hannu, wani kurtu mai suna Thomas Byrne, da raunin harsashi a jikinsa, ya koma ya cece shi, Byrne ne na uku da ya sami lambar. Churchill ya ba da labarin yadda likita ya yanki fata daga hannunsa aka liƙa wa Molyneux, wanda daga baya ya ƙare a hidimar fadar Ingila. Douglas Haig, wani hafsan Birtaniya da ke wurin tare da mahayan Masar, ya soki Martin ƙwarai a wasiƙunsa, amma jama'ar Ingila jarumtar suka gani, Sarauniya Biktoriya ma ta ƙara wa rundunar suna na girmamawa.

Da na tashi na ratsa filin zuwa wajen kogi, inda Kitchener ya kafa zaribarsa, wato sansani mai shingen ƙaya, a ƙauyen Igaiga. A nan ne ainihin yaƙin ya faru da sassafe, bindigogi masu ruwa da igwa daga jiragen ruwa suka kashe Ansar wajen 10,000, akasarinsu ba su ko iso kusa da layin ba. Cikin mabiyan Mahadi akwai mutanen yamma, Fulani da Hausawa da Barebari da hanyar hajji ta ajiye a Sudan, kuma bayan shekara biyar irin wannan wutar ce ta ci mutanen Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, waɗanda suka tsira suka zo suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu.

Kafin la'asar na koma Umdurman, na shiga gidan Halifa da aka mayar gidan tarihi, kusa da ƙubbar Mahadi. A nan na ga jibbobi masu faci da takubban Ansar, masu faɗi da kaifi biyu, irin waɗanda suka yi aiki a Kor Abu Sunt. Halifa an kashe shi a Umm Diwaikarat a 1899. Usman Digna an kama shi a 1900, ya rasu a Wadi Halfa a 1926.