Ke Ce Babba

Ranar Talata da safe ina zaune a bakin gado ina ba jariri nono, sai ihu ya tashi a falo. Ba sai na leƙa ba, na san kukan kowa a gidan nan. Wannan na ɗana ne mai shekara 2, irin wanda yake yi in an hana shi abu, ba na ciwo ba. Na fito da jariri manne a ƙirji, na tarar yayarsu ta ƙanƙame 'yar tsanarta da hannu biyu, shi kuma ya zauna daɓas a ƙasa yana miƙa hannu. Ban ko tambayi yadda aka yi ba. Abin da bakina ya saba shi ya fito: "Haba, ke ce fa babba. Bar masa."

Ta miƙa masa. Ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Tsayawa ta yi tana kallona, can ta ce, "Umma, shi yaushe zai zama babba ya bar mini?"

Na buɗe baki, na rasa ta cewa. Amsar gaskiya ita ce babu ranar. Wata 27 ta ba shi, kuma ko furfura suka yi su biyun, tazarar nan tana nan yadda take. Ashe duk ranar da na ce ta haƙura don ita ce babba, bashi nake ci a wurinta, bashin da ba shi da ranar biya.

Shekararta 4 da wata 5. Haƙoranta 20 na yarinta suna nan cif, ko famfara ba ta fara ba, wannan sai wajen shekara 6. Har yanzu tana rikita jiya da gobe, tana sa takalmin dama a ƙafar hagu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lissafin da na yi a daren nan: tana da shekara 2 da wata 3 muka fara ce mata babba, ranar da na dawo daga asibiti da ƙaninta. Wato kusan shekarun da shi yake da su yanzu, shi da nake cewa "ƙyale shi, bai san komai ba." A lokacin da ita ma ba ta san komai ba aka sauke ta daga cinya aka ce ta girma.

Washegari ni na kai ta makaranta. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonta tana tafiya, jaka ta kusa rufe mata baya gaba ɗaya. Ajinsu yana cikin na ƙanana a makarantar. Malamarsu ta durƙusa ta gyara mata wuyan riga, ta kama hannunta suka hau matakala. Yarinyar da nake aika ta ɗauko famfas, ta jijjiga jariri, ta sa wa ƙaninta ido har in fito daga wanka, ita ce wata take riƙe wa hannu don kada ta faɗi. A mota na zauna na yi hawaye sosai kafin na iya tayar da ita.

Alamu kam ta nuna mini, ni ce na karanta su a baibai. Tun da aka haifi autan, wata 2 ke nan, fitsarin kwance ya dawo mata bayan ta shekara da bari. Ta koma yin gwaranci kamar mai koyon magana. Ta ce sai dai a ba ta abinci a baki. Kuma duk lokacin da na ɗora jariri a nono, a lokacin ne za ta tuna tana jin ƙishirwa, ko ta hau kujera ta ɗauko abin da aka hana ta. Ni kuwa sai in ce sangarta ce, in daka mata tsawa.

Daga baya na karanta aikin wata masaniyar halayyar yara 'yar Ingila, Judy Dunn, da abokiyar aikinta Carol Kendrick. Sun bi gidaje 40 a garin Kambirij tun kafin a haifi ɗa na biyu har ya wuce shekara, sakamakon ya fito a 1982. Kusan duk 'ya'yan farin da suka lura da su rigimarsu da ƙin jinsu sun ƙaru bayan haihuwar, da yawa sun koma manne wa uwa, wasu barcinsu ya rikice, wasu suka koma ɓata wando. Ɓarnar kuma ta fi yawa daidai lokacin da uwa take hidimar jariri. Amma abin da ya soke ni shi ne wanda suka gani a wurin iyayen: wasa da hira da ɗan fari sun ragu, hani da faɗa sun ƙaru. Kamar a falona suka zauna suka rubuta. Na ɗauki takarda na yini ina sa alama duk lokacin da na yi mata magana. Aike da hani sun kai 31. Maganar da ba aike ba, ba faɗa ba, hira kawai, ba ta cika yatsun hannu ɗaya ba.

Ba don ba na sonta ba ne, Allah ya sani. Jariri sabon haihuwa yana shan nono sau 8 zuwa 12 a kwana guda, barcina gutsi-gutsi ne, in na miƙe da safe kaina kamar an ɗora mini dutse. Wanda ya gaji, duk hannun da ya gani kusa kamawa yake yi, kuma hannunta ne ya fi kusa. Sau nawa na ce mata, "Ba kya ganin na gaji?" Ina neman 'yar shekara 4 ta shiga raina ta auna nauyin da ke ciki.

Ashe wannan ma sabuwar ƙofa ce da yanzu take shiga. A 1983 wasu masana biyu 'yan Ostiriya, Heinz Wimmer da Josef Perner, sun shirya wa yara ɗan wasa da 'yar tsana: yaro ya ajiye cakulan a wani kabad ya fita, uwarsa ta mayar da shi wani kabad daban. Sai a tambayi mai kallo, in yaron ya dawo ina zai duba? 'Yan shekara 3 sukan nuna inda cakulan ɗin yake yanzu, domin a ganinsu abin da suka sani kowa ma ya sani. Sai daga shekara 4 zuwa 5 yara suke fara gane cewa abin da ke kan wani daban yake da abin da ke nasu. Na gwada mata da maɓalli da kofuna biyu, ta cinye tana dariya. Na yi murna, amma na gane cewa jiya-jiya ta iso nan. Ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa kuwa, wanda yake taimaka wa mutum ya danne fushi ya yi jira, sai mutum ya haura shekara 20 yake gama nuna. Ni da nawa ya nuna tuntuni, ga shi ina tsawa a kan 'yar tsana.

Ni ma 'yar fari ce. Mu bakwai ne, kuma ba na tuna lokacin da ba ni da wani a hannu. Na taso ina jin ana cewa babba juji ne, na karɓi maganar kamar yabo. Har yau ba na iya cewa a'a in an nemi abu a wurina, sai in ba da, in koma ɗaki raina yana ƙuna. Na kira Mama na ba ta labarin tambayar jikarta, ina zaton za ta yi dariya. Shiru ta yi har na duba ko layin ya yanke. Sannan ta ce, "Ke ba ki taɓa tambayata haka ba. Da kin tambaya, ban san me zan ce miki ba." Na ce, "Mama, ai ba ƙorafi na kira in yi ba." Ta ce ta sani. Muka koma maganar ciwon gwiwarta. Ba na riƙe ta da komai a raina, mu bakwai ta rena da hannu biyu kacal. Amma wannan shirun nata ya fi mini doguwar magana.

Babansu bai yarda da ni gaba ɗaya ba. A ganinsa girma daraja ce, kuma yaron da ba a ɗora wa komai ba ba zai iya ɗaukar komai ba. Ya tuna mini yadda fuskarta take haske in ta yi wa jariri wasa ya bar kuka. Gaskiyarsa ce, kuma su Dunn ma sun ga haka: yara da yawa a cikin waɗanda suka bi sun ƙara iya yi wa kansu abubuwa bayan haihuwar, kuma gidajen da uwa take yi wa babban hirar jariri a matsayin mutum mai jin yunwa da jin daɗi, tana shawara da shi a kan hidimarsa, yaran sun fi shaƙuwa daga baya. Ban ce a raba ta da ƙannenta ba. Inda muka bambanta shi ne, taimakon da ta yi don tana so daban, haƙƙinta da aka ƙwace aka sa masa suna haƙuri daban. Kuma shi ƙanin nata me muke koya masa? Cewa duk abin da ya ƙyalla ido a kai, kuka kaɗan zai yi a miƙo masa. Wannan ba gata ba ne.

Na daina faɗin kalmar. Da wuya, don sau da yawa tana kan harshena nake haɗiye ta. Na samo mata kwali mai murfi na ce duk abin da ta sa a ciki nata ne ita kaɗai, ba wanda zai taɓa sai da izininta, har ni. Ta zuba 'yar tsanar, da fensiran kala, da wani dutse mai santsi da ta tsinto. Sauran kayan wasa kuwa bi da bi ne, in yana hannunta sai ta gama. Ranar farko da na ce wa ƙaninta "jira, Yaya ba ta gama ba," ya yi birgima a ƙasa kusan minti 10. Na zauna kusa da shi ina shafa masa baya, ban ba shi ba. Ita kuma ta tsaya da abin a hannu tana kallona, kamar mai jiran in sauya magana.

Na duba barcinta ma. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar awa 10 zuwa 13 a kwana guda. Nata bai kai 10 ba, don ta bar barcin rana kuma kukan jariri yana tashinta. Na matso da lokacin kwanciya, rabin rigimar yamma ta tafi da kanta.

Yanzu in na kwantar da ƙananan biyu, akwai minti 15 da suke nata. Wani daren ba a samu, jariri ya ƙi ajiyuwa ko ni barci ya sace ni a zaune, amma yawanci ana samu. Ita take zaɓar abin da za a yi. Na zaci za ta ce tatsuniya ko zane. Daren farko cewa ta yi in naɗe ta a tawul ɗin jariri in ɗauke ta. Ƙafafunta sun zarce tawul ɗin, nauyinta ya sa hannuna sanyi, amma na ɗauka, na yi ta zagaya ɗaki ina jijjiga ta ina yi mata waƙar da na daina yi mata shekara 2 da suka wuce. Na ce mata, "Ranar nan da na ce ki bar masa 'yar tsanarki ban kyauta ba. Ki yafe mini." Ta ce to, ta sa yatsa a baki.

Kwana huɗu a jere tana neman tawul ɗin. A na biyar ta ce ya yi mata kaɗan, in kawo littafin kifaye. Muna tsakiyar karatu jariri ya motsa a ɗaki, na yunƙura zan tashi. Ta dafa hannuna ta ce, "Umma, saura shafi biyu." Na kasa kunne, na ji takun babansu ya nufi ɗakin. Na koma na zauna, muka buɗe shafi na gaba.