Idan Shanyewar Ɓarin Jiki Ta Kama Mahaifi a Ingila: Neman Wakilcin Kotu

A gida, idan tsoho ya kwanta ciwo babu mai tambayar takarda. Babban ɗa ya karɓi makullin shago, 'yan uwa su zauna su tsayar da magana, shi ke nan. A Ingila ba haka abin yake ba, kuma yawancin mutanenmu sai ranar da suka buga wa banki waya suke ganewa. Ka ce kai ne ɗan fari, sunanka ne a rubuce a asibiti a matsayin makusanci, ma'aikaciya ta jajanta maka cikin ladabi, sannan ta ce ba za ta iya faɗa maka komai ba. Zama ɗa ko mata ko miji bai ba kowa ikon taɓa kuɗin baligi ba. Dokar da ke riƙe da wannan fanni a Ingila da Wales ita ce Mental Capacity Act ta 2005, kotun kuma sunanta Court of Protection. Wanda ta naɗa ya tsaya wa mara lafiya shi ake kira deputy, wato wakili.

Kafin a je ga kotu akwai tambayar da ta fi kowace nauyi: shin Baba ya rasa iya yanke shawara ne, ko magana ce kawai ta ɗauke? Shanyewar ɓarin jiki, musamman idan ta taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, takan riƙe harshe ta bar hankali. Mutum na jin duk abin da ake faɗa, kalmar ce ta ƙi fitowa. Doka ta ce a ɗauki kowa a matsayin mai iya yanke wa kansa shawara har sai an tabbatar da akasin haka, kuma abubuwa huɗu ake dubawa: ya fahimci bayanin, ya riƙe shi na ɗan lokaci, ya auna shi, ya nuna abin da ya zaɓa. Nunin nan ba dole da baki ba. Kaɗa kai, matse hannu ko nuna hoto duk sun wadatar. Kuma kowace shawara gwajinta daban. Mai yiwuwa ba zai iya lissafin sayar da gida ba, amma ya san sarai wa yake so ya riƙe masa kuɗi.

A nan baƙo ke cutuwa. Wanda ya koyi Turanci da girma, bayan irin wannan ciwo Turancin na iya raunana fiye da Hausar da ya tashi da ita. Idan aka gwada shi da Turanci, da rana tsaka ya gaji, a ɗaki mai hayaniya, sai a rubuta cewa ba ya fahimta. Ku nemi a kawo tafinta na Hausa wanda ba ɗan gida ba, domin idan ɗa ne ya fassara ana iya cewa ya sa wa uban magana a baki. Ku nemi ƙwararriyar gyaran magana ta asibitin ta kasance a wurin, a kuma zaɓi lokacin da ya fi wartsakewa. Doka ce da kanta ta wajabta a bi duk hanyar da za ta taimaka masa kafin a ce ba ya iyawa.

Idan gwajin ya nuna yana iyawa, an huta da kotu. Shi da kansa zai naɗa wanda ya yarda da shi ta takardar wakilci mai ɗorewa, LPA, ɗaya ta dukiya ɗaya ta lafiya, a yi musu rajista a ofishin Public Guardian, hukumar gwamnati mai sa ido kan wakilai. Kuɗin rajistar kowace bai kai fam 100 ba. Haka nan, ko da ba ya iyawa, idan ba shi da komai sai fansho na gwamnati da tallafi, ma'aikatar fansho da tallafi, DWP, na iya naɗa ɗa ya riƙa karɓa a madadinsa, kyauta. Kotu sai idan ba ya iyawa kuma akwai ajiya a banki, fanshon wurin aiki, ko gida.

Neman wakilcin dukiya yana farawa ne da fom COP3, shaidar cewa ba ya iya yanke shawarar kuɗi. Likita ko ma'aikacin jin daɗin jama'a ko makamancinsu ke cikewa. Ku roƙa tun yana asibiti, domin bayan sallama likitan unguwa na iya caji ko ya ce ba shi da lokaci. Sai a sanar da shi mara lafiyar ido da ido, ko da ana ganin ba zai gane ba, a kuma sanar da aƙalla mutum uku da suka san shi, waɗanda ke da kwana 14 su amsa. Kada a tsallake ɗan uwan da ake tsoron zai ƙi, ko 'ya'yan wani ɗaki da ke Kano ko Maraɗi. Idan ya ji daga baya ya kai ƙorafi, aikin da za a gama a kan takarda sai ya koma zaman kotu da lauyoyi. Sauran takardun su ne bayanin dukiyarsa dalla-dalla da COP4, inda mai nema ke bayyana ko an taɓa yanke masa hukunci ko ya taɓa karyewa da bashi. Kuɗin shigarwa ya haura fam 400 kaɗan, ana iya mayar wa wanda ya biya daga dukiyar mahaifin, akwai kuma rangwame ga mai ƙaramin ƙarfi. Kafin umarnin naɗin ya fito daga kotu sai an sayi inshorar lamuni, wadda za ta biya idan wakili ya ɓarnatar.

Abin yakan ɗauki watanni. A tsakanin nan ne ake faɗawa rami: ga katin Baba, ga lambar sirri an sani, ga haya ta taso. Cire kuɗi ta haka ya saɓa wa ƙa'idar banki, kuma idan aka lura za a iya rufe asusun a tura maganar ga masu binciken cin zarafin tsofaffi. Abin yi shi ne a rubuta wa banki da mai gida da kamfanin wuta halin da ake ciki, wanda ya biya wani abu daga aljihunsa ya ajiye rasit. Idan akwai biyan da ba zai jira ba, kamar kuɗin gidan jinya, ana neman umarnin wucin gadi da fom COP9.

Wakilcin lafiya kuwa kotu ba ta cika bayarwa ba. Likitoci ne ke yanke abin da ya fi masa alheri, amma dole su ji ta bakin iyali kan imaninsa da abin da ya saba so. Nan ne wurin faɗin maganar abincin halal, da wanda zai yi masa wanka, da ko zai fi son komawa gida.

Bayan naɗi, ofishin Public Guardian zai karɓi fam 100 na tantancewa, sannan fam 320 duk shekara, wanda bayan shekarar farko zai iya sauka zuwa fam 35 idan dukiyar ba ta kai fam 21,000 ba. Duk shekara wakili zai kai rahoton abin da ya shiga da abin da ya fita, saboda haka kuɗin Baba ba ya haɗuwa da na kowa a asusu ɗaya. Kyauta ce ke kayar da mutanenmu. Baba ya saba aika kuɗin makarantar jikoki, da na azumi, da zakka, ɗa kuma ya ga ci gaba da hakan biyayya ce. Wakili na da ikon ƙaramar kyauta ta al'ada daidai ƙarfin dukiyar, irin ta Sallah ko biki ko sadakar da aka san shi da ita. Abin da ya wuce haka sai da izinin kotu, in ba haka ba a ce ya mayar daga aljihunsa. Wasiyya ma ba ya rubuta masa. Wannan nema ne na daban.

Umarnin bai isa shi kaɗai ya buɗe asusu ko ya sayar da fili a Najeriya ko Nijar ba, can sai an bi dokar can. Scotland da Ireland ta Arewa ma kowace da tsarinta. Ranar da mahaifin ya rasu wakilcin ya ƙare nan take: a sanar da ofishin Public Guardian, kada a ƙara taɓa asusun, sauran aiki na masu rabon gado ne.