Gahawa a gidan maƙwabciya

Talata, Gadarif, gabashin Sudan.

Da hantsi maƙwabciyata ta aiko 'yarta wai in zo gahawa. 'Yar Tigray ce, yankin arewacin Habasha, ta tsallako iyaka ta garin Hamdayet a ƙarshen 2020 da yaƙi ya ɓarke, ta zauna a sansanin Um Rakuba kafin ta sami ɗaki a unguwarmu. Na tarar wata dattijuwa 'yar Asmara, babban birnin Eritiriya, ta riga ni.

Gahawarsu ba ta mai sauri ba ce. Sai an soya ɗanyen ƙwayar a kan garwashi, a zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin, a daka, a dafa a jabana, wato butar gahawa, sannan a sha zagaye uku. Ga turaren wuta, ga gugguru a faranti.

Mu nan duk Habashawa muke ce musu, mu wuce. Alhali ɗaya 'yar Habasha ce, ɗaya 'yar Eritiriya, ƙasar da ta ɓalle a 1993. Abin da ya haɗa su Tigrinya ne, ba Amharik ba, ko da yake harsunan biyu 'yan uwa ne, dangin Larabci. Shi ya sa jefi-jefi kalma takan faɗo mini a kunne kamar na san ta.

Sojojin Eritiriya sun yi yaƙi a cikin Tigray, kowa a ɗakin ya sani. Ba wadda ta ɗauko zancen. Tsadar gawayi suka yi ta yi, da yadda injera, gurasarsu, ba ta yin kyau da garin dawa in ba a sami tef ba, hatsin da ake yin ta da shi. Suna yi suna dariya har da tafa hannu, yarinyar tana juya mini da Larabci. Ta kuma nuna mini littafinta: rubutun Ge'ez ne, daga hagu zuwa dama, kowane harafi yana da siffa bakwai gwargwadon wasalinsa.

Na ce wa dattijuwar, "Inna, kin taɓa zuwa Negash, inda masallacin Najashi yake?" Ta girgiza kai. Maƙwabciyata, wadda Kirista ce, ita ta amsa, ta ce ta sha wucewa ta wurin, kuma yaƙin bai bar masallacin ba. Dattijuwar ta miƙa kofinta a ƙara mata.

Sai azahar na dawo, ko tukunya ban ɗora ba. Maigida ya ce gobe in an sake aikowa in fara girki tukuna.