Arzikin wani ba daga aljihunka ya fito ba

Na daɗe ina ɗaukar dukiyar duniya kamar ruwan tulu ɗaya: wanda ya ɗiba da yawa ya rage wa na baya. Wannan tunani ya cuce ni, ƙannena, shi ya sa nake so ku ji tun da wuri.

Lokacin da hannuna ya faɗa a gyaran injuna, wani yaro mai basira ya roƙe ni in koya masa mu riƙa aiki tare. Na ƙi. Ko ya tsaya kallo sai in juya masa baya, don a lissafina duk abin da zai samu daga rabona za a cire. Ya gaji ya tafi. Ni kuwa aiki ya yi mini yawa, ina mayar da masu kawo gyara, injinansu na zaune, ma'aikatansu na zaman banza. Ban lura ba cewa injin da ya tashi yana ciyar da mai shi da yaransa da mai gyaran, ba a karɓe na kowa ba. Hasarar da na jawo ta wuce kaina.

Ku duba duniya. A wajen 1800 mutane kusan biliyan 1 ne, a 2022 suka kai biliyan 8. Da tulun ɗaya ne, da yunwa ta gama da mu. Amma a ƙididdigar Bankin Duniya, a 1990 fiye da mutum 1 cikin 3 na cikin matsanancin talauci, zuwa 2019 ya koma kusan 1 cikin 10. Ƙasar Sin kaɗai, bayan sauye-sauyen da jagoranta Deng Xiaoping ya fara a 1978, ta fitar da kusan mutum miliyan 800 daga talauci, ta hanyar noma da masana'antu da ciniki.

Ban ce kowane arziki halal ba ne. Mai wawure baitulmali, mai cin hanci, mai ɓoye kaya sai farashi ya tashi, waɗannan daga bakin talaka suke ƙwata, kuma fushinku a kansu daidai ne. A Afirka kudu da Sahara ma yawan matalauta ƙaruwa ya yi. Kuskurena shi ne na haɗa su da mai ƙirƙira a kwando ɗaya. Kafin ku tsani mai kuɗi, ku tambaya me ya samar da babu shi a da. Idan kuma aka nemi ku koyar ko ku haɗa hannu, kada ku yi irin lissafina.

Yaron nan yanzu yana da nasa wurin. Idan aiki ya yi masa yawa, ni yake turo wa.