Sana'ar ƙananan jiragen ƙasa: da hira ake fara aikin

Sana'ata gyaran ƙananan jiragen ƙasa ce da gina musu wurin tafiya. Ba na wasan yara nake nufi ba, irin na roba da ake ja da zare. Jiragen kwaikwayo ne da aka ƙera bisa ma'auni daidai da na gaske, suna tafiya da wutar lantarki a kan siririn dogo, da tashoshinsu da gadojinsu da tsaunukansu. Teburin da ake kafa duk wannan a kansa shi ne shimfiɗa. Mu uku ne a wurin aikin. Yaro ɗaya hannunsa ya faɗa a katako, ɗayan a waya da dalma, ni kuma nawa injuna ne da zane da sauraron mutane.

Wanda bai san sana'ar ba, in ya leƙo ya tarar da manyan mutane sun zagaye teburin gwaji suna ta surutu, wannan yana ba da labarin ciwon gwiwa, wancan yana ƙorafin an sauya masa lokacin aiki, wani kuma yana nuna hoton gadar da ya gama fentinta jiya da dare, sai ya ɗauka zaman kashe wando ne. Ni kuwa a cikin surutun nan nake tsintar rabin abin da aikina ke buƙata. Mutum ba ya zuwa ya ce maka idonsa ya fara rauni, ko ɗakin da yake alfahari da shi nan da shekara zai koma na yara. A bakin hira yake faɗa, kuma waɗannan su ne ke yanke irin shimfiɗar da za ta zauna masa.

Ɗauki batun ma'auni, wanda shi ne tambayar farko. Mafi yaɗuwa a duniya shi ne HO, inda aka rage komai sau 87, tazarar dogon kuma milimita 16.5. Lissafin a fili yake: tazarar layin dogo da aka fi amfani da ita a duniya milimita 1,435 ce, ka raba da 87 ka gani. Ƙasa da shi akwai N, ragin sau 160 a kan dogo mai milimita 9, sai Z wanda kamfanin Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972, ragin sau 220, kan jirginsa bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Sama da HO akwai O mai milimita 32, da manyan na lambu masu milimita 45 da kamfanin LGB na Jamus ya fara yi a 1968. Mutanen Ingila kuma suna da nasu, OO: jiki ragin sau 76 amma a kan dogon HO, domin jiragensu na gaske ƙanana ne, injinan wancan zamani ba sa shiga cikinsu in an rage su sau 87. Duk wannan ana iya haddace shi a rana ɗaya. Abin da ba a haddacewa shi ne wanne ya dace da wa.

Akwai wani dattijo da ya daɗe yana zuwa, ma'abocin N ne tun yana saurayi. Wata rana muna zaune yana ba da labarin jikarsa ce yanzu ke zura masa zare a allura, sai na lura ya ɗauki tarago zai ɗora a kan dogon gwaji, ya gwada, ya sake gwadawa, tayoyin sun ƙi zama. Bai ce komai ba, ya ajiye ya ci gaba da magana. Da mutane suka watse na ce, "Baba, rabonka da kunna jiragen nan fa?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaro, an kwana biyu. Ɗora su a kan layi ya fi ƙarfina yanzu." Da ma ya zo ne sayen ƙarin taragu na N. Ban sayar masa ba. Muka zauna muka zana masa siririyar shimfiɗa ta O a jikin bango, tsayinta daidai ƙirjinsa in yana zaune, da fitila mai ƙarfi a samanta. Tarago ɗaya na O cika hannu yake yi, ana ganin tayarsa ba tare da tabarau ba. Tsoffin jiragensa na N ya ba ɗan ƙanensa.

Bayan ma'auni sai wuri, kuma a nan ne na fi jayayya da mutane. Kusan duk sabon shiga da falanki yake son farawa, mai ƙafa 4 a faɗi da 8 a tsawo, saboda haka ake sayar da shi kuma haka ya gani a hotuna. Ni ba na son falankin nan, kuma ina faɗa. Faɗinsa santimita 122 ne, hannun mutum kuwa da ƙyar yake aiki mai kyau bayan santimita 70. In ka jingina shi da bango, duk abin da ya faɗi a can ciki sai ka hau kujera ka kwanta a kan bishiyoyin da ka dasa. In ka ajiye shi a tsakiya, ya cinye ɗakin gaba ɗaya. Ga kuma kwana: a HO falankin ba ya ɗaukar kwanar da ta wuce inci 22 daga tsakiya, yawanci ma ta inci 18 ake sawa, dogayen taragun fasinja kuwa a irin wannan kwana sai su riƙa leƙe waje, wani lokaci su sauka. Mai son layi ya hau ya tsallake wani layin shi ma sai na yi masa lissafi. Hawan da jirgi ke ɗauka cikin daɗi kashi 2 ne cikin 100, wato santimita 2 a kowace mita. Kafin ka sami kusan santimita 8 da jirgi zai wuce ta ƙasa, ka ci mita 4 a hawa, wasu 4 a gangara. Ina wurin yake?

Shi ya sa nake tambayar abin da wasu ke ganin bai shafe ni ba. Ƙarfe nawa kake dawowa gida? Ɗakin naka ne kai kaɗai? Gidan haya ne? Akwai kyanwa? Tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga, ni ma haka.

Wani magidanci ya taɓa cewa a cikin hira shi dai rabin awa yake samu bayan yara sun kwanta, in ya samu ke nan. Burinsa babban layi mai zagaye da tashoshi uku. Na ce, "Malam, wannan aikin shekaru ne, kai kuma rabin awa gare ka. Zo ka ga wani abu." Na nuna masa tsarin Inglenook, wanda wani ɗan Ingila mai suna Alan Wright ya ƙirƙira. Layuka uku ne kawai masu ƙarewa, ɗaya yana ɗaukar tarago 5, biyu suna ɗaukar 3 kowanne, da guntun layin ja da baya mai ɗaukar kan jirgi da tarago 3. Taragu 8 ake zubawa, a zaɓi 5 da ƙuri'a, a ce ka jera su bisa wannan tsari. Hanyoyin jerin sun kai 6,720. Duka abin a HO yana zama a kan katako mai kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Ya zauna gwadawa, aka yi ta yi masa magana bai ji ba. Yanzu a kan kantar littattafansa take, kuma in ya zo hira labarin jerin da ya ba shi wuya yake kawowa.

Gyara shi ne abincin yau da gobe na wurinmu, kuma mafi yawan abin da ake kawowa da sunan lalacewa datti ne. Jirgin nan wutarsa daga dogo yake sha ta tayoyi, wurin da taya ke taɓa dogo kuwa bai kai kan allura ba. Ƙura kaɗan da maiƙo sun isa su yanke wutar. Tambayata ta farko kullum ita ce: a wuri ɗaya yake tsayawa ko ko'ina? In ko'ina ne, laifin kan jirgin ne. Sai in kwantar da shi rigingine a kan soso, in cire murfin ƙasa, in sa hantsaki. Abin da ke fitowa yakan ba mai shi mamaki: gashin kyanwa ya naɗe gatarin taya, zaren darduma, tsohon man da ya daskare ya koma kamar danƙo. A wanke da sifirit, a goge bayan tayoyi inda siraran ƙarafan shan wuta ke gogawa, a ɗiga mai da bakin allura, ɗigo ɗaya tak a kowane wuri. Mai da yawa ya fi rashinsa illa, domin shi ke janyo ƙura. In kuwa a wuri ɗaya yake tsayawa, to dogon ne. 'Yan ƙarafan da ke haɗa dogo da dogo suna saki da daɗewa, wuta ta daina wucewa. Maganinsa a liƙa wa kowane yanki tasa siririyar waya da dalma, a saukar da ita ta ƙasan tebur zuwa babbar waya. Aiki ne mai cin rai, ana yinsa a durƙushe, amma shimfiɗar da aka yi wa haka ba ta dawo mana.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa: kada a goge dogo da samfefa. Yana haske nan take, amma ƙananan kartar da ta bari su ne gidan datti na gaba. Tsumma mara gashi da sifirit sun wadatar.

Sauran matsalolin ma hirar ce ke tona su. Mutum ya ce tun da damshi ya shigo ƙofar ɗakinsa ta daina rufuwa, bayan an jima ya ce layinsa ya karkace ba dalili. Dalilin ke nan ya faɗa da bakinsa: katako yana kumbura yana tsukewa da yanayi, dogon da aka matse ba a bar masa 'yar tazara ba dole ya lanƙwashe. Wani ya ce ɗan'uwansa ya kawo masa tsarabar kan jirgi daga tafiya, yana ɗora shi komai ya tsaya cak. Kafin ya buɗe jaka na san Märklin ne. Nasu HO ɗin daga tsakiyar layi yake shan wuta, tayoyin hagu da dama a haɗe suke, a kan dogon kowa da kowa sai wuta ta haɗe. Taragon da ke yawan sauka kuma sau da yawa rashin nauyi ne. Ƙungiyar NMRA ta masu ƙananan jiragen ƙasa a Amurka, wadda aka kafa a 1935, ta ba da ƙa'ida: a HO kusan giram 28, a ƙara giram 14 ga kowane inci na tsawon tarago. Muna da ɗan sikeli a kan tebur saboda wannan kaɗai.

Gardamar da ba ta ƙarewa a wurinmu ita ce ta tsohon tsarin wuta da sabo. A tsohon, dogon kake ba wuta, har zuwa bolt 12, duk jirgin da ke kansa ya tashi tare. A sabon, DCC, wanda NMRA ta tsayar da ƙa'idarsa a shekarun 1990 bisa aikin kamfanin Lenz na Jamus, wuta tana kan dogo kullum, kowane kan jirgi yana ɗauke da 'yar na'ura mai lambarta, sai wanda ka kira ya motsa. Daga masana'anta duk lamba 3 suke zuwa da ita, shi ya sa sabon shiga zai sayi biyu ya ga suna tafiya tare ya kira mu a firgice. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Mai jiragen da yake son su yi aiki biyu uku a lokaci ɗaya, ya koma sabon tsari, wayoyinsa ma sun fi sauƙi. Mai kan jirgi ɗaya a kan kanta, ko mai tsofaffin injuna talatin da sai an buɗe kowanne an sa masa na'ura, ya zauna inda yake. Na sha hana mutum kashe kuɗin da ni zan karɓa, domin na san daga labarinsa ba zai mori abin ba.

Kusan kowane mako sai wani ya miƙo waya ya nuna mana Miniatur Wunderland, babban gidan nunin ƙananan jiragen ƙasa na birnin Hambag a Jamus, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001. Dogonsa ya haura kilomita 15, dare yana yi gari yana wayewa duk minti 15, har jiragen sama suna tashi suna sauka. Ina son kallonsa, kuma yana kawo mana sababbin mutane. Abin da nake tuna wa mai nunawa shi ne ma'aikata ɗaruruwa ne ke riƙe da wurin. Na shiga ɗakuna da yawa na tarar da manyan firam na katako da aka fara da zafi, ƙura ta rufe su, ko tarago ɗaya bai taɓa zagayawa ba. Hakan yana damuna ƙwarai, don masu su ba ragwaye ba ne. An yi haihuwa, an sauya wurin aiki, an yi jinya, aikin kuma ya fi ƙarfin ɗan lokacin da ya rage.

Saboda irin waɗannan labarai ne muka daina gina shimfiɗa a dunƙule. Yanzu yanki-yanki muke yi, kowanne bai wuce santimita 120 a tsawo da 60 a faɗi ba, ana ɗaure su da noti, wayoyinsu da soket, ta yadda mutum biyu za su ɗauka su fita da shi ta ƙofa ba tare da zarto ba. Yankin farko sai mun gama shi tsaf, da tsakuwarsa da ciyawarsa, jirgi ya yi tafiya a kai, kafin mu yanka katakon na biyu. Aikin da ke hannunmu a yanzu na wata malama ce da ta gaji akwatunan jiragen mahaifinta. Ta zo ne ta sayar da su duka, muna buɗewa tana faɗin wanda yake bari ta riƙe tana ƙarama da wanda ba a taɓawa. Na ce, "Hajiya, wanne ne ba za ki so ki gani a hannun wani ba?" Ta ware kan jirgi ɗaya da taragu shida. Sauran mun rubuta su mun nemo musu masu so a cikin 'yan hirarmu, kan jirgin kuma mun wanke shi mun sauya masa gawayin inji. Yanki biyu muke gina mata, tasha ƙarama da gada, na farkon ana liƙa masa wayoyi.