Dodon roba da na bar wa ƙanena

Ina ɗan shekara goma sha huɗu, a 1996, na kalli wani fim a wani gidan kallo a Mai Wurno, a ƙasar Sudan. Rumfar zana ce, janareto na ta kuka a baya, ga talabijin ɗaya da kaset ɗin bidiyo da ya sha hannu. Labarin wani dodo ne da ke fitowa daga kogi da dare yana janye mutane. Ba ma jin Turancin, ba mu kuma damu ba. Garinmu a bakin Nil Azrak yake, kusa da Sinnar, gidaje da yawa da kogin nan suke ci, ko dai kamun kifi ko noman bakin ruwa, don haka dodon nan a wurinmu kamar maƙwabci ne.

Washegari na ɗauki ƙanena, ɗan shekara shida, na kai shi ya gani. Yana ta ɓoye fuska a rigata, ni kuwa ina cire masa hannu daga ido. Bayan kwana biyu muna wanka a gaɓa. Watan Agusta ne, ruwa ya taho daga Habasha jawur da laka, ko tafin hannunka ba ka gani a ciki. Na nutse, na kama ƙafarsa na ja. Ihun da ya yi har yau yana kunnena. Inna ta ce, "Abin da ka saka masa a zuciya, ba ka da hannun cire shi." Na ɗauka faɗan iyaye ne kawai.

Bai ƙara shiga ruwa ba. Ɗan gidan masunta ya girma bai iya iyo ba, ko jirgin fito bai shiga sai dole.

Bara na ci karo da fim ɗin a intanet, na kalle shi a waya. Mutum ne ashe cikin rigar roba, har ɗinkin bayanta ana gani idan ya juya. Daren ma da rana aka ɗauka aka duhunta hoton, ga inuwar bishiyoyi nan kwance a ƙasa. Da wuya dodon ya cika minti biyar a fim ɗin gaba ɗaya, saboda masu ƙaramin jari ɓoye shi suke yi, su bar kiɗa da motsin ruwa su yi aikin, sauran kuma zuciyar mai kallo ta ƙarasa. Babba ya san wasa ne. Yaro ɗan shekara shida bai gama raba abin da ke cikin akwati da abin da ke bayan gida ba.

Ku ƙannena masu waya a hannu, ku kalli fim ɗin dodonku, ban ce haramun ba ne. Amma ku duba wa ke leƙe ta kafaɗarku. Idan yaro ya rufe ido, ku bar masa hannunsa a wurin. Kada ku haɗa tsoro da wurin da dole ya je kullum, ko kogi, ko banɗaki, ko hanyar makarantar allo da asuba. Wanda ya riga ya yi irin nawa, ya nemi gafara da wuri, kada ya jira shekaru kamar ni.

Daren da na sake kallon fim ɗin na kira ƙanena a Jidda, inda yake aiki. Na ba shi haƙuri, na ce zan turo masa ya ga roba ce kawai. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Na yafe maka, Yaya. Amma kada ka turo."